Gaskiya ko Jita-jita: An Sauya wa Mota Inji Ta Ƙi Tashi, Ina Laifin Yake?

A shekarar 1997 kamfanin General Motors na Amurka ya fito da wani inji mai silinda takwas, ya sa masa suna LS1, ya ɗora shi a kan Chevrolet Corvette. Girmansa lita 5.7, ƙarfinsa na doki 345. Daga 1999 ƙannensa masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 suka shiga motocin a-kori-kura na kamfanin, aka ƙera su birjik, har suka cika wuraren sayar da kayan tsofaffin motoci. Ga araha, ga ƙarfi, ga shi ba ya cin wuri sosai. Nan masu sha'awar gudu suka samu abin nema, suka riƙa ciro shi suna dasawa a Mazda RX-7 da Nissan 240SX da tsofaffin BMW da Chevrolet na shekarun 1960. A Japan kuwa injin Toyota 2JZ-GTE ne ya taka irin wannan rawa, mai silinda shida a jere da turbo biyu, wanda ya fara fitowa a Aristo a 1991, ya yi suna a Supra ta 1993.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan aiki. Duk wanda ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, zai ga injuna 'yan Beljiyam a jere suna jiran motar da za su shiga. Mu akasari don mota ta ci gaba da nemo abinci muke sauya inji, su kuma don gudu, amma ciwon kan da ke biyo baya iri ɗaya ne: mota ta ƙi tashi, ko ta tashi tana karkarwa, ko giya ta ƙi shiga. Daga nan sai a fara saye-saye, yau kik, gobe famfon mai, jibi burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, kuɗi na tafiya matsala na nan daram.

Abin da ya sa haka shi ne ana neman laifin inda ba ya nan. Motar da aka sauya wa inji, ba kasafai cutarta ke cikin injin ko cikin giyabos ba. Tana mahaɗa ne, inda wayar sabon inji ta gamu da ta tsohuwar mota, inda bututun mai ya gamu da nozul, inda giyabos ya gamu da furofela. Laifin mahaɗa kuwa ba a gane shi da zato, sai da awo. Ga maganganun da aka fi ji a gareji, da abin da awo ke cewa a kansu.

"Tunda ta ƙi tashi, mataccen inji aka sayar maka."

Yawanci jita-jita ce. Ƙin tashi iri uku ne, kowanne da hanyar bincikensa. Na farko, ka murɗa makulli kik bai juya ba, ko ya yi ƙas ya yi shiru. Na biyu, kik yana juya injin da kyau amma bai kama ba. Na uku, ya kama, ya yi daƙiƙa biyu ko uku, ya mutu. Wanda bai fara tantance wanne ne yake fama da shi ba, lalube kawai yake yi.

Inji mai shan fetur yana bukatar abu huɗu: matsin iska a cikin silinda, mai, tartsatsin filogi, da zuwan kowannensu a kan lokaci. Na farkon ne ke nuna lafiyar jikin injin, kuma akwai agogon awo da ake ɗaurawa a ramin filogi a gwada shi. Idan silindojin duka sun ba da matsi mai kyau, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, injin yana da rai. Sauran ukun kuwa rabinsu yana hannun wanda ya yi haɗin.

"Fitila na haske, hon na ƙara, ai batir lafiya lau yake."

Jita-jita ce. Fitilun gaba biyu ba su jan wutar da ta wuce amfiya 10. Kik na babban inji yana jan amfiya 150 zuwa 250 a lokaci guda. Batir da ya gaji zai iya haska fitila, amma ya durƙushe da an murɗa makulli. Mita ce ke raba gardama: cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.6, wanda ya kai rabi yana nuna wajen 12.2, kuma yayin da kik ke juyawa bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba.

To, idan batir ya ci wannan jarrabawa amma kik yana ja da ƙyar fa? A duba wayar at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma baƙin kan batir. Inji a kan ƙafafun roba yake zaune, roba kuwa ba ta wuce wuta. Kamfani yakan sa kakkauran igiyar waya tsakanin jikin inji da jikin mota, kuma ita ce aka fi mantawa da ita ranar sauyi, ko a ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa. Lissafin ba shi da wuya: turjiya ta om 0.01 kacal, idan amfiya 200 ke wucewa, tana cinye bolt 2. Wutar da ta rasa hanyarta kuma ba ta haƙura, sai ta bi ta wayar totur ko ta ƙananan wayoyin burenbos, ta ƙona su.

Ana gwada wannan ne kik yana juyawa: a ɗora bakin mita ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya a jikin inji. Idan ta nuna fiye da bolt 0.3, hanyar at ba ta da tsabta. Masu mayar da batir cikin but don samun wuri a gaba su ƙara kula, domin waya in ta ƙara tsawo sai ta ƙara kauri.

"Da safe tana tashi, in ta yi zafi sai kik ya ƙi. Kik ya mutu, a ɗan buga shi da guduma."

Rabi gaskiya, rabi jita-jita. Yana iya yiwuwa gawayin cikin kik ɗin ya cinye, bugu kuma ya sa ya taɓa na ɗan lokaci. Amma a motar da aka cusa wa babban inji, wuri ya yi kaɗan, bututun salansa yakan wuce dab da kik yana gasa shi. Turjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da wajen kashi 4 cikin 100 a kowane ƙarin digiri 10 na zafi, saboda haka wayar da ke isar da wuta da ƙyar da sanyin safiya za ta gaza da tsakar rana. Sabon kik ma haka zai yi. Magani shi ne farantin kare zafi tsakanin salansa da kik, da waya mai kauri, da rile da zai kai wa kan kik cikakkiyar wuta. Guduma kuwa haɗari ce: kik na zamani da yawa maganaɗisu ne manne a cikinsu, bugu ɗaya mai ƙarfi yana fasa shi.

"Ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu, famfon mai ne."

Sau da yawa jita-jita ce, kuma ta sa an jefar da famfuna masu lafiya. Injin zamani yana zuwa da mai gadi. A 1986 General Motors ya sa wa Corvette wata na'urar hana sata mai suna VATS: ɗan ƙwayar turjiya a jikin makulli, iri 15, wanda in bai dace ba mota ba ta tashi. Daga baya kamfanoni suka koma sa ɗan guntun na'ura a kan makulli, wadda ke gaisawa da burenbos kafin a saki mai. A Jamus doka ta wajabta irin wannan kariya ga sababbin motoci tun daga 1998, haka ma a Birtaniya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin injunan da ke shigo mana daga Turai na bayan wannan shekara ne.

Idan aka ɗauko inji da burenbos ɗinsa aka baro makulli da na'urar karanta shi, burenbos zai ɗauka sace motar aka yi. A injin LS yakan bari ta kama, sannan ya yanke nozul cikin daƙiƙa kaɗan. A wasu motocin ba ya barin ta kama ko kaɗan. Alamar a fili take: matsin mai yana nan, tartsatsi yana nan, amma nozul sun daina buɗewa, kuma kullum a daidai lokaci ɗaya take mutuwa. Famfon da ya gaji ba ya kiyaye lokaci haka. Mafita biyu ce: a sayi inji tare da burenbos da makulli da na'urar karantawa duk daga mota ɗaya, ko a kai burenbos wurin gwanin da zai sake tsara shi.

"In dai sunan inji ɗaya ne, kowane burenbos zai yi."

Jita-jita ce. Burenbos yana sanin inda fistin yake ne ta hanyar wani faifai mai haƙora da ke jikin karanshaf, da sansa da ke ƙirga haƙoran suna wucewa. Injunan LS na farko faifansu na ƙirga 24 ne. Daga wajen 2006 zuwa 2007 aka koma mai haƙora 58. Daga waje injunan sun yi kama ƙwarai, sai dai sansar na farko baƙa ce, ta biyun ruwan toka. Haɗa injin 58 da burenbos na 24, kik zai yi ta juyawa har batir ya ƙare ba tare da filogi ya yi tartsatsi a kan lokaci ba. Irin wannan sauyi na tsakiyar zamani ba General Motors kaɗai ke yin sa ba, shi ya sa lambar da ke jikin burenbos da shekarar injin suka fi sunan muhimmanci.

Akwai kuma wani tarko a wajen mai wayarin. Burenbos yana son wuta biyu: ɗaya daga batir kai tsaye, ba ta yankewa, ɗaya daga makulli. Ta makullin dole ta kasance tana nan a lokacin da aka kunna da kuma lokacin da kik ke juyawa. Motoci da yawa suna yanke wutar rediyo da fanka yayin bugun kik don su tara wa kik ƙarfi. Idan daga irin wannan layi aka jawo wa burenbos wuta, zai mutu a daidai lokacin da ake bukatarsa. Alamarta ita ce mota ta yi kamar za ta kama sa'ad da ka saki makulli.

"Famfon man da ke motar tun asali zai wadatar."

Ya danganta da motar, amma in mai kafireto ce, jita-jita ce zalla. Kafireto yana aiki da matsin mai na psi 4 zuwa 7. Injin LS yana son psi 58, wato fiye da iskar da mai faci ke sa wa tayar ƙaramar mota. Ko motar mai nozul ce tun asali, famfon da aka yi wa inji mai lita 2 ba lallai ya ƙosar da mai lita 5.7 ba. Zai iya ta da shi, ya yi silo lafiya, amma da an taka totur sai mai ya yi kaɗan, mota ta riƙa shiɗewa, zafin cikin silinda ya hau har ya iya taɓa fistin. A ɗaura agogon matsin mai a gani, a tsaye da kuma lokacin da injin ke jan nauyi. Tiyon mai ma sai an sauya: na kafireto ba a yi shi don wannan matsi ba, in ya fashe kusa da salansa gobara ce.

"Cire kan batir mota na aiki, in ba ta mutu ba altaneta na caji."

Jita-jita ce mai tsada. Wannan dabara ta zamanin da mota ba ta da burenbos ce. Batir, ban da ajiyar wuta, yana shanye tsallen da wutar altaneta ke yi. Idan aka cire shi injin na gudu, wutar na iya yin tsalle nesa da bolt 14, ta bi ta kan burenbos da sansoshi da ita kanta altaneta. Gwajin da ba ya ɓarna minti ɗaya ne: mita a kan batir, inji na aiki, a ga bolt 13.5 zuwa 14.7.

"An sa mata kwamfuta, ta ce sansa ce, a sayo sabuwa."

Rabin gaskiya. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke zuwa da tsarin bincike na bai-ɗaya mai suna OBD-II, kuma taimakonsa ba kaɗan ba ne. Amma lamba kamar P0335 ba ta ce sansar karanshaf ta mutu ba. Cewa ta yi saƙon da ke zuwa ta wannan layi bai yi daidai ba. Yana iya zama sansar, yana iya zama waya ta tsinke, ko salansa ta narkar da ita, ko an juya bakin soket, ko faifan haƙoran bai dace ba. A motar da aka yanka wayoyinta aka sake ɗinkewa, waya ce abar tuhuma ta farko. Abin da ya fi lamba amfani shi ne a kalli gudun inji a fuskar kwamfutar yayin bugun kik. In ya nuna juyi 150 zuwa 250 a minti, saƙo yana isa. In ya tsaya a sifiri, an san inda za a bi.

"Giyabos na asali zai ɗauka, in dai ana lallaɓa shi."

Akwai ƙamshin gaskiya, amma ba abin dogaro ba ne. Abin da ke karya haƙoran giya shi ne ƙarfin murɗa, kuma babban inji yana ba da shi tun daga ƙasa, ba sai an yi gudu ba. Toyota da kanta ta nuna haka a Supra ta 1993: wadda ba ta da turbo an ba ta giyabos W58 mai giya biyar, mai turbo kuwa aka sa mata V160 na kamfanin Getrag mai giya shida. Gangar jikin motar ɗaya ce, amma kamfanin bai yarda ya ɗora wa ƙaramin giyabos babban kaya ba. Kuma ƙarfin ba a giyabos yake tsayawa ba: yana wucewa ta kuloci, ta furofela, ta bakasul, har zuwa taya, wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai fara karyewa.

"Giya na ƙin shiga, giyabos ɗin ya lalace."

Kafin a sauke shi, a yi gwaji ɗaya. A kashe inji, a taka kuloci, a bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. In suna shiga sumul, amma da an ta da inji sai su ƙi ko ribas ya yi ƙara, to kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Ko iska ta shiga layin mansa, ko famfon kulocin tsohuwar motar ba ya tura man da ya isa sabon kuloci, ko ɗan boris da ke tsakiyar filawil bai dace da bakin sandar giyabos ba. Idan kuma da farantin haɗi aka aura inji da giyabos na wani kamfani, a auna daidaiton tsakiyarsu. Kaucewar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.13 ba. Fiye da haka, giya za ta yi tauri, boris ya riƙa mutuwa da wuri.

Ga masu otomatik, giyabos irin 4L60E da burenbos yake aiki. In wuta ko saƙo bai isa gare shi ba, sai ya maƙale a giya ta uku, mota ta tashi da nauyi. Wannan matakin kare kai ne, wayarin yake nema.

"In giyabos otomatik ya ƙi zama aka jawo shi da ƙarfin noti, an kashe shi."

Wannan gaskiya ce tsantsa. Tsakanin inji da giyabos otomatik akwai kwanbata, ƙaton tulun ƙarfen nan mai cike da man giya. Dole a juya shi ana turawa har ya shige mataki-mataki ya zauna cikin famfon giyabos. In bai kai ƙarshe ba, bakin giyabos ba zai haɗu da jikin inji ba, wanda ya ɗaure noti don ya rufe ratar kuwa famfon yake murƙushewa. In an yi daidai, bayan an ɗaure giyabos kwanbata zai juya da hannu, kuma za a ga rata ta milimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da farantin inji kafin a jawo shi a ɗaure.

"Karkarwar nan balansin taya ne. In ba shi ba, a miƙar da furofela sak."

Dukansu biyu na iya ɓatar da mutum. A fara da rarrabewa. In mota na tsaye, ka ba ta wuta, karkarwa ta zo, to daga inji ne ko filawil ko ƙafafun inji, ko wani ƙarfe yana taɓa jikin mota. Filawil ma ba kowanne ke shiga kowane inji ba: Ford ya sauya nauyin balansin injinsa mai lita 5.0 a 1981, kuma wanda ya haɗa filawil na kafin wannan shekara da injin bayanta zai sha girgiza. In kuwa karkarwar sai an kai wani gudu take zuwa, kuma ko an taka kuloci injin ya sauka tana nan, to daga furofela ne zuwa taya.

Kuros ɗin furofela yana da wata ɗabi'a: in yana aiki a karkace, ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana ƙara sauri ya rage sau biyu a kowane zagaye. Dabarar maƙera ita ce a sa kuros biyu, gaba da baya, masu karkata iri ɗaya, na biyun ya warware abin da na farkon ya ƙulla. Saboda haka layin giyabos da layin bakin bakasul su zama sun yi daidai da juna, karkatar kowane kuros ta kasance wajen digiri 1 zuwa 3, bambancin su biyun bai wuce digiri 1 ba. Sabon inji kan zo da sababbin ƙafafu, a ɗaga shi ko a sunkuyar da shi don ya kauce wa sitiyari ko bonet, nan take wannan daidaito ya rushe. Miƙar da furofela sak shi ma kuskure ne, domin ƙananan allurorin cikin kuros suna bukatar ɗan motsi don giris ya zagaya, in ba haka ba su ci rami a wuri ɗaya. Furofelan da aka yanke aka yi wa walda kuma, kunnuwan gaba da na baya su kasance a layi ɗaya, sannan a kai shi balansi.

Yawancin awon da aka ambata a nan, kayan yin sa huɗu ne: mita, agogon matsin mai, agogon matsin silinda, da ma'aunin karkata, wanda ko a wayar hannu ana samu. Mai mota ya nemi a nuna masa lamba kafin ya ciro kuɗin wani ƙarfe, bakanike kuma ya ɗauki wannan tambaya a matsayin kariya ga sunansa, domin gyaran da aka yi da awo ba ya dawowa da rigima. Ranar sayen inji a karɓo shi da wayoyinsa da burenbos da makulli da rasit, a rubuta shekararsa da motar da aka ciro shi. Bayan mota ta tashi ta daina karkarwa, saura aiki ɗaya da bai kamata a ɗaga ba ko da kwana guda: birki da tayoyi su dace da sabon ƙarfin kafin a fita titi, domin a kan titin nan akwai rayukan mutanen da ba a yi shawara da su ba lokacin da aka ƙara wa motar doki.